Tarun Alhaji Lawwali

Tudun Baure, ta Daudawa,
Satumba, 2021.

Ƙanena Salahuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Ummu Salma da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Ɗiyata Mansura ta yi zazzaɓi ta warke. Ƙafar mahaifiyata Inna tana nan yadda take, in hadari ya haɗo sai ta tsananta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke sabis ɗin waya a ƙasar Faskari muka koma zamanin iyayenmu. Abubakar Sadiq, direban da ke ɗauko busasshen kifi daga Yawuri zuwa Funtuwa, shi na roƙa ya kawo maka.

Na san zumuncinmu da nisa. Kakarka da kakana ne ciki ɗaya, kuma rabona da kai tun bikinka. Amma duk dangi ba ni da namijin da za a saurari maganarshi sai kai.

Ka ji rasuwar maigidana Inusa bara, har ka aiko da ta'aziyya. Abin da aka gaya maka shi ne 'yan bindiga suka harbe shi a gona. Gaskiya ne, amma ba a gaya maka abin da ya kai shi gonar ba.

Ka san dokar dam ɗinmu, wadda mahaifin Sarkin Ruwa na yanzu ya kafa: daga ruwan farko har a yanke gero ba a shiga kamun kifi. Bara hatsinmu ya ƙare tun kafin shuka. Inusa ya ɗauki kallinshi guda, ragar da ni na taya shi ɗaurin dalmarta, ya kafa ta a bakin kwari don yara su ci. Aka kai wa Alhaji Lawwali Sarkin Ruwa labari. Ranar kasuwa ya sa aka tara mutane, aka jibge ragar a tsakiya, ya zuba kananzir da hannunshi. Inusa ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a ci ni tara, in an buɗe ruwa zan biya. Ba ni da wata." Alhaji ya ce, "In na ƙyale ka, gobe kowa zai ce yaranshi na jin yunwa." Ya cinna mata wuta.

Mutumin da ba shi da raga, ina zai nufa? Sai ya koma tsohuwar gonarsu ta bakin daji wajen iyakar Sabuwa, wadda kowa ya gudu ya bari. Can aka ɗauko mani shi a kan amalanke.

Shi kuwa Alhaji taru uku gare shi. In 'ya'yanshi suka ja sau ɗaya, suna kwashe abin da kallin Inusa ba ya kamawa a wata. Doka ba ta hana taru ba, don ubanshi ne ya yi dokar.

Yanzu kifi ya ja baya, kowa na kuka. Ni mai banda ce, na fi kowa sani. Tukubar da nake cikawa da tarwaɗa da ragon ruwa, yanzu sai 'yan karfasa kamar tafin hannun yaro. Na ji an ce kai za a kira ka auna ruwan, ka faɗi sabuwar ƙa'ida, tunda aikinka ke nan a Yawuri. Da na ji, sai da na yi sujada. Ka zo ka rubuta cewa tarunshi ya cinye dam ɗin. Ka rubuta a karɓe sarautar. Ina so in gan shi a tsakiyar kasuwa yana roƙo ana kallonshi.

Ka gaida Ummu Salma.

Yayarka,
Tani.

*

Yawuri,
Oktoba, 2021.

Yaya Tani,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ummu Salma na gaishe ki, tana fama da nauyin ciki amma da sauƙi. A yi wa Inna sannu. Allah ya jiƙan Yaya Inusa, ya sa ya huta. Ban san yadda abin ya faru ba sai yanzu, kuma na daɗe zaune da takardar a hannuna kafin in iya ninke ta.

Gaskiya ne an neme ni, zan zo cikin Janairu in ruwa ya fara ja. Amma bari in gaya miki yadda nake ganin abin tun daga nan, daga bayanan da aka aiko mini.

Lokacin da aka kafa dokar nan dam ɗin yaro ne. Yana da zurfi, ciyawar gefe inda kifi ke zuba ƙwai tana da yawa. A wancan ruwan, jirage talatin da taru uku ba su fi ƙarfinsa ba, abin da aka kwashe bana zai mayar baɗi. Yanzu laka ta cike kusan rabinsa. Damina kan zo da ƙarfi ta ɗauke da wuri. Masu noman rani sun nome ciyawar gefe, injinansu na zuƙe ruwan. Ga kuma mutanen da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, duk sun koma sana'ar su. Ke kin san gona in ta gaji ba ta ba da damin da ta saba, ko da manomin bai canza komai ba. Haka ruwa yake. Dokar tana nan inda aka bar ta, ruwan ne ya bar wurin. Abin da ya dace, a riƙa duba ƙarfin ruwan kowace shekara, a yanka kamun daidai da shi, in ya ƙaru a ƙara, in ya ragu a rage.

Ba zan rubuta abin da ban auna ba. Amma in lissafina ya tabbata, tarun Alhaji Lawwali ba zai sake shiga ruwan nan ba, kuma yanke ƙa'ida ba zai ci gaba da zama a hannun mutum ɗaya ba. Ki yi haƙuri har in zo, sauran bayani sai mun zauna.

Ga ɗan man zafi nan na ba direba saboda ƙafar Inna.

Ƙanenki,
Salahuddeen.

*

Tudun Baure,
ƙarshen Oktoba, 2021.

Ƙanena,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta shafa man, tana sa maka albarka. Allah ya raba Ummu Salma lafiya.

Allah ya yi maka albarka, ɗan halas. Zancen laka da ciyawa ban tsaya kanshi ba, wannan naku ne 'yan boko. Layi biyun nan na ƙarshe su na karanta har na haddace. Tun ranar da aka kawo Inusa ban ci abinci na ji ɗanɗanonshi ba sai ranar da takardarka ta zo.

Na kai ta wurin banda na karanta wa mata. Mairo, abokiyar bandata, ta ce in sake, na sake. Kafin la'asar maganar ta kai bakin ruwa. Ka san bakin mutane, kowa da abin da ya ƙara. Wasu na cewa gwamnati za ta turo ka da sojoji a rufe dam ɗin gaba ɗaya. Wasu na cewa an riga an zaɓi sabon Sarkin Ruwa. Ban ce haka ba, amma ban gyara wa kowa ba.

Shekaranjiya na yi kiciɓis da Alhaji Lawwali a hanyar masallaci. Ya tsaya ya ce, "Tani, an ce kin samu takarda daga Yawuri. Mi yaron nan ya rubuta?" Na ce, "Alhaji, ya ce a gaishe ka." Ya ce, "Maganar da ke yawo za ta yi ɓarna. Ki bari in gani." Na ce, "In na nuna maka, gobe kowa zai ce a nuna mashi." Ya dube ni, ya gane inda na ɗauko maganar. Ya wuce.

Yaran da ke ja mashi taru sun fara ɗaga mashi murya. Wanda a da in ya yi tari ake fitowa daga ruwa, jiya ya yi ta kira daga gaɓa ba wanda ya waiwayo. Ƙanena Kamilu, da muke uba ɗaya, shi ya ba ni labari yana dariya. Ya ce kamu ma ya ƙaru kwanan nan, kowa ya duƙufa. Tukubata ba ta huce ba tun makon jiya.

Ka yi sauri ka zo ka ƙarasa.

Yayarka,
Tani.

*

Yawuri,
farkon Nuwamba, 2021.

Yaya Tani,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Zan taƙaita gaisuwar don direba na jirana, kuma hankalina a tashe yake.

Ba ki fahimce ni ba, kuma da laifina, da ban rubuta rabin magana ba. Da na ce tarun Alhaji ba zai sake shiga ba, ba hukunci nake nufi ba. Ruwan ne ba zai iya ɗaukar taru ba, ko na wane ne. Kuma ba taru kaɗai ba. Jiragen ma sai an rage kusan rabi, a riƙa shiga bi da bi, har da na Kamilu. Ragar da idonta bai kai yatsa uku ba sai an ajiye ta. Da na ce ƙa'ida ba za ta zauna hannun mutum ɗaya ba, nufina a kafa kwamiti, da masunta da masu noman rani da ku masu banda, shi yana ciki.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Alhaji Lawwali ne da kansa ya aiko a neme ni. A saƙonsa ya ce ya ga dokar mahaifinsa ta daina riƙe ruwan, kuma in aka ce taru ne matsalar, shi zai fara naɗe nasa. Ban faɗi wannan don in wanke shi daga abin da ya yi wa Yaya Inusa ba. Ya yi tsanani inda ya kamata ya yi rahama, Allah zai tambaye shi.

Amma Yaya, wannan ƙarin kamun da kike murna da shi, shi ne abin da nake tsoro. Mutane sun ji za a rufe, kowa na son ya kwashi rabonsa kafin a rufe. Manyan kifin da suke kwasa yanzu su ne za su yi ƙwai da damina. In suka ƙare, babu lissafin da zan zo da shi da zai yi amfani. Kuma mutum ɗaya da ake jin tsoronsa a bakin ruwan, kin karya shi.

Don Allah ki koma wurin matan nan ki karanta musu wannan kamar yadda kika karanta waccan. Ki ce ba za a rufe dam ba, ba soja, ba sabon sarki. Ki je da Kamilu wurin dagaci. Ko don tukubarki ki yi.

Salahuddeen.

*

Tudun Baure,
ƙarshen Disamba, 2021.

Salahuddeen,

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Inna ta kwanta, yanzu sai an ɗaga ta. Mansura lafiya.

Takardarka ta Nuwamba sai makon jiya ta iso. An tare hanya wajen Sheme, direbobi suka daina bi, Abubakar Sadiq ya ajiye motarshi a Funtuwa ya koma gida da takardar a aljihu. Ni kuma da na ji shiru, sai na ɗauka kana can kana shirya wa Alhaji abin da muka yi magana.

Tunda kana son labari, ga shi. Da jita-jitar ta kai Sabuwa da ƙauyukan Ƙanƙara, sai baƙi suka yi ta zuwa a kan babura. Wanda ba shi da raga ya ɗinke gidan sauro biyu ya shiga. Ana fito da 'ya'yan kifi kamar ƙwayar masara, ana shanya su a kan buhu. 'Ya'yan Alhaji da kansu suka ce ba za su zauna wasu su kwashe ba, suka riƙa jan taru safe da yamma, yana hana su suna yi. Rannan ya shiga ruwa har ƙugu da babbar rigarshi ya riƙe igiyar, babban ɗanshi ya ɓamɓare mashi hannu a gaban mutane. Ina tsaye a gaɓa da kwandona. Ya fito rigar na ɗiga, hularshi ta tafi a ruwa, ba wanda ya ɗauko mashi.

Daga baya wasu suka zuba maganin feshi a kwarin arewa. Da safe ruwan ya yi fari da cikin kifi. Wannan ban saya ba, ba na ciyar da mutane guba. Amma sauran na saya, na yi banda har itace ya gagara.

Yanzu ruwan ya yi shiru. Kamilu ya kwana uku yana kafa raga, abin da ya samo bai cika kwanon sha ba.

Ka ce shi ya aiko a kira ka, wai zai naɗe tarunshi. To, ashe ya san dokar ubanshi ta lalace. Ya sani, kuma a kan wannan lalatacciyar dokar ya ƙona ragar Inusa. Ka ga ka ƙara mani dalili, ba ka rage ba.

Kana so ka ji ko da takardar ta zo da wuri zan karanta wa mata. Na tambayi kaina. Ba zan karanta ba.

An ce sabis ya fara dawowa. Kada ka kira ni. A takarda ina iya ajiye ka in na gaji da wa'azi.

Tani.

*

Yawuri,
Fabrairu, 2022.

Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Ina yi miki ta'aziyyar Inna, Allah ya gafarta mata. A Tudun Baure na ji rasuwar. Ummu Salma ta sauka, an samu mace, suna lafiya.

Na zo kamar yadda na ce. Na je gidanki na tarar da kwaɗo a ƙofa, Mairo ta ce kin kwashe kin koma Mabai wurin dangin Inna. Na so in bi ki, na fasa, don ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Mun jefa ragar gwaji a ko'ina cikin dam ɗin. Na yi wannan aiki a ruwaye da yawa, ban taɓa jawo raga na ji kunyar mutanen da ke kallona ba sai a nan. Na zo da ƙa'idar da za ta bar kowa ya ci kaɗan kaɗan, na mayar da ita jaka ban karanta ba. Abin da aka yanke a gaban dagaci shi ne a rufe ruwan gaba ɗaya har damina biyu, a zuba 'ya'yan kifi, sannan a sake aunawa. In ya farfaɗo, a buɗe wa jirage kaɗan. In bai farfaɗo ba, a ƙara jira. Abin da kika bari ana faɗa na ƙarya, shi ya zama gaskiya.

Alhaji Lawwali ya miƙe a wurin taron ya ce ya ajiye sarautar. Ya ce wanda 'ya'yansa suka fi ƙarfinsa ba ya tsare ruwan jama'a. Ba wanda ya roƙe shi ya zauna.

Kamilu ya sayar da jirginsa, ya ce zai tafi Kudu dako. Mairo ta rushe tukubarta ta yi murhu da tubalin. Gidaje nawa ne a garin nan suka dogara da ruwan, ke kin fi ni sani. Ba su ƙona ragar kowa ba.

Ban ce ke kaɗai kika yi ba. Ba ke kika ɗinka gidan sauro ba, ba ke kika zuba guba ba, kuma alƙalamina ne ya ba ki abin da kika riƙe. Amma kin ga wutar tana ci kika tsaya kina jin ɗumi. Ina so ki gaya mini abu ɗaya tsakaninki da Allah: zuciyarki ta yi sanyi?

Salahuddeen.

*

Mabai,
Afrilu, 2022.

Ƙanena Salahuddeen,

Wa alaikumus salam. Na gode da ta'aziyya. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba Ummu Salma lafiyar shayarwa. Ya azumi? Mu nan lafiya. Ina surfe, ina kiwon kaji, Mansura ta shiga Islamiyya. Kamilu ya kira daga Kudu, ya ce aikin da wuya, kuma bai tambayi lafiyata ba.

Na daɗe ban ba ka amsa ba don ban ga abin faɗa ba. Yanzu na samu.

Ranar kasuwar Ƙanƙara na je sayen dusa. A layin masu igiya na hangi wani tsoho zaune a kan buhu, da tulin raga a gabanshi da wuƙa a hannu. Sai da na matso na gane Alhaji Lawwali ne. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Tarun nan ne yake yankawa kamu kamu yana sayar wa masu lambu da masu kaji su yi shinge. Ba ɗa ko ɗaya tare da shi.

Na tsaya a kanshi har ya ɗago. Ya ce, "Tani." Na ce, "Alhaji, ina wuni." Ya ce, "Lafiya. Ya haƙurin Inna?" Na ce da godiya. Can ya ce, "Abin da ke tsakanina da ke, na sani. Da zan iya komawa ranar nan, tara zan ci shi. Amma ruwan nan bai yi maki komai ba."

Na ce, "Kamu huɗu nake so."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Na maimaita. Ya jawo ragar ya auna da hannunshi, wuƙar ba ta da kaifi, ya daɗe yana gurzawa, ni kuwa ban taya shi riƙewa ba. Mutane na wucewa, wasu 'yan garinmu da suka zo cin kasuwa suka tsaya daga nesa suna kallo. Da ya gama ya naɗe ya miƙo mani da hannu biyu. Ya ce in bar kuɗin. Na ajiye mashi a kan buhu na tafi.

Na kewaye kajina da ita. Tana da ƙarfi, ko shaho ba ya ratsawa. Har yanzu in rana ta buga ta tana ƙarnin kifi.

Ka tambaye ni ko zuciyata ta yi sanyi. Na zaci za ta yi a ranar da hularshi ta bi ruwa, ba ta yi ba. Na zaci za ta yi a kasuwa, na dawo gida na zauna ina jira har aka kira magariba. Inusa dai bai shigo ba. Kada ka ɗauka nadama nake gaya maka. Ka tambaya tsakanina da Allah, shi ya sa na faɗa.

In damina biyun ta wuce kuka auna, kuka ga kifin ya dawo, ka sa sunan Kamilu da mijin Mairo cikin waɗanda za a fara buɗe wa. Nawa kada ka sa. In kuma bai dawo ba, kada ka rubuto mani, zan ji a bakin mutane.

Ka shafa mani kan jaririya.

Yayarka,
Tani.